MAGANI A GONAR YARO: Tarihin Abincin Mai Ciki da Mai Jego da Jariri a Ƙasarmu

An shirya wannan jawabi ne dominku mutanen Garki da Ringim da Babura da Taura, har zuwa Dutse, musamman ku da ku ke zaune bisa benci kuna jiran malamin asibiti ya kira ku. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Kai maigida, ka tafi da takardan nan gida a karanta wa mata, gama maganar tasu ce, amma nauyinta a wuyanka ya ke.

Tarihi za mu ba ku yau, na abin da aka koya cikin shekara ɗari da ɗoriya game da abincin mace mai ciki, da mai jego, da jaririnta. Hausawa kan ce, ga magani a gonar yaro amma bai sani ba. Likitoci sun yi bincike a ƙasashe masu nisa, sun yi a Zariya, sun yi a nan Garki, sun yi a Maraɗi, ƙarshenta suka tarar mafi yawan abin da uwa da ɗa ke bukata yana cikin gonarku da rumbunku. Abin da ya rage shi ne a san wa za a ba, da lokacin da za a ba shi, da abin da za a bari.

ABINCIN KAKANNINMU

Tun kafin zuwan Turawa manomin ƙasar Kano ya san yadda a ke riƙon gona. Da rani ya kan kai takin gida da toka bisa jaki, ko ya yi shiri da Fulani su kwantar da shanu a gonarsa. Ba ya sare gawo, domin ya lura gero ya fi kyau a ƙarƙashinsa. Ya kan shuka gero da dawa, ya bi tsakaninsu da wake da gyaɗa. Masana aikin gona sun gane daga baya cewa saiwar wake da ta gyaɗa suna ƙara wa ƙasa ƙarfi. Masana abinci kuma sun gane hatsi da wake in an haɗa su a ciki ɗaya sun fi gina jiki bisa ga kowanne shi kaɗai. Ashe mai cin ɗanwake da mai cin tuwo da miyar wake sun daɗe a kan hanya.

Uwargida kuwa tana da kuka da kuɓewa da karkashi da rama da yakuwa da zogale da tafasa. Tana da daddawar kalwa, da riɗi, da kabewa, ga nono da man shanu daga ruga. Al'adunmu ma sun tanadi mai haihuwa. Mai cikin fari ta kan tafi goyon ciki gidan iyayenta ta huta. In ta sauka a yi mata ƙauri, ta ci nama ta sha romo. Jariri kuwa a shayar da shi wajen shekara biyu, kamar yadda Alƙur'ani mai girma ya ambata cikin Suratul Baƙara. Duk waɗannan abubuwa ne na kirki, ba likitan da zai ce ku bar su.

Amma akwai inda bango ya tsage. Na farko, da damina, daga watan Yuli zuwa Satumba, rumbu ya kan yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, aiki kuwa ya yi yawa. Na biyu, wajen rabon tuwo a kan fara da kwanon maigida da na baƙi, tsokar nama ta tafi can, mai ciki ta ci abin da ya saura. Na uku, ƙaramin yaro a kan ba shi koko tsararo, ya cika masa ciki da ruwa, ba abin gina jiki a ciki. Ku riƙe waɗannan uku, za ku sake gamuwa da su cikin labarin nan.

YUNWA DA DALAR GYAƊA

A shekarar 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano. Daga 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe, manoma suka ga kuɗi, ga kuma haraji da a ke biya da tsaba. Sai ruwa ya ƙi a 1913, aka shiga yunwar nan ta 1914 wadda tsofaffi ke kira Ƙaƙalaba. Mutane masu yawa suka mutu a ƙasar Kano da arewacinta. A 1927 aka sake yin wata, ita ce 'Yar Buhu. A kowace yunwa, ƙananan yara da masu ciki da masu goyo su ke fara faɗuwa.

A 1930 aka buɗe hanyar jirgi daga Kano zuwa Nguru, ta ratsa ta Ringim da Malam Madori. Gyaɗar ƙasarmu ta riƙa gangarawa tasha buhu buhu, a tara ta a Kano a yi dala, irin wadda sunan Alhaji Alhassan Ɗantata ya shahara da ita. Daga nan ta tafi Ikko, ta hau jirgin ruwa zuwa Ingila da Faransa. Can a matse mai mutane su ci, a ba shanunsu tunkuzar su yi ƙiba su ba da madara. A nan gida kuwa sau da yawa yaron manomin da ya noma gyaɗan nan koko zalla ya ke sha. Farin 1972 zuwa 1974, da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, su suka karya wannan ciniki. Amma kada ku manta da gyaɗa, za ta dawo.

CIWON YARON DA AKA YI WA ƘANE

A 1929 wata likita mai suna Cicely Williams, haifaffiyar Jamaika, ta zo aiki ƙasar Gwalkwas, wadda yanzu a ke kira Gana. A asibitin yara na birnin Akra ta riƙa ganin yara 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu, ƙafafu sun kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi, fata tana saɓulewa, yaro ba ya wasa sai ƙananan koke-koke. Ta tambayi matan wurin sunan ciwon, suka ce kwashiyoko, watau a harshen Ga ciwon da ke kama yaro sa'ad da aka yi masa ƙane. Ta bi diddigi, ta tarar yaran nan an yaye su ne aka bar su da kunun masara kaɗai. Ta rubuta labarin a 1933, a 1935 kuma ta sanar da duniya sunan. Ta nuna in an ba yaro madara da abinci mai gina jiki da wuri ya kan tashi.

Ku ma kun san ciwon nan, tamowa ce mai kumburi. Da can a kan ce nonon mai ciki ne ya ɓaci ya cuci yaro. Ba haka ba ne. Nonon mace mai ciki ba shi da dafi. Abin da ke kayar da yaro shi ne a cire shi daga nono rana ɗaya, a kai shi gidan kaka, yana kuka ya ƙi cin abinci, abin da a ke ba shi kuma ba mai riƙe jiki ba ne, sa'an nan zawo ko ƙyanda su same shi a haka.

A nan Nijeriya kuma, a ƙauyen Imesi-Ile kusa da Ilesha, wani likita Bature, David Morley, ya yi aiki daga ƙarshen shekarun 1950. Shi ya tsara katin awon yara, wanda a ke ɗora yaro bisa sikeli kowane wata a ɗiga nauyinsa. In layi yana hawa, yaro yana lafiya. In ya tsaya ko ya gangara, to, akwai magana, tun kafin ido ya ga rama. Katin da a ke ba ku a asibiti yau jikan wancan ne. Ku adana shi kamar takardar gona.

ABIN DA AKA GANI A GARKI

Dattawan Garki ba su manta ba da shekarun da motoci suka riƙa shiga ƙauyuka, ana soka wa mutane allura a yatsa ana ɗiban jini, wasu kuma suna kwana suna kama sauro. Wannan aiki na Hukumar Lafiya ta Duniya ne tare da Gwamnatin Nijeriya, daga 1969 zuwa 1976. A lokacin Garki gunduma ce cikin Jihar Kano, gama sai 1991 aka yi Jihar Jigawa. An zaɓi ƙauyuka 22, irin su Sugungum da Rafin Marke da Ajura, ana duba mutanensu kowane mako 10, ana rubuta haihuwa da mutuwa. A 1972 da 1973 aka fesa maganin sauro a ɗakunan ƙauyuka 164, a waɗansu kuma aka haɗa da raba ƙwayoyin maganin zazzaɓi ga kowa. A 1980 aka buga littafin sakamakon, har yau ana karanta shi a makarantun likitoci na duniya.

Ga abin da aka gani. Kafin a fara ba da magani, wajen jariri 1 cikin 4 ba ya kai shekara. Mutuwar kuwa ta fi yawa da damina. A waɗansu ƙauyuka mutum ɗaya ya kan sami cizon sauro mai ɗauke da cuta fiye da 100 a shekara. Feshi shi kaɗai bai yi wani abin kirki ba. Inda aka haɗa da ƙwayoyi, cutar ta ragu ƙwarai cikin jinin mutane, mutuwar jarirai ma ta ragu. Amma da aka daina, zazzaɓi ya komo.

Kila wani ya ce, ina ruwan sauro da maganar abinci? To, ku duba lokacin. Watannin da sauro ya fi yawa su ne watannin da rumbu ya ke ƙasa. Zazzaɓi yana fasa jinin mai ciki, ƙwayoyinsa kuma su kan taru a mabiyiya su tare wa ɗan tayi abinci, sai a haife shi ɗan ƙanƙane. Yaro mai zazzaɓi ba ya cin abinci, yaron da bai ƙoshi ba kuwa ciwo kaɗan ke kayar da shi. Ciyar da mai ciki ba tare da kare ta daga sauro ba, zuba ruwa ne a tulu mai yoyo. Garki ta kuma koya wa duniya cewa lafiyar da aka kawo a mota, in motar ta tafi ta kan bi ta. Wadda ta ke zama ita ce wadda mutanen gida suka mayar al'adarsu.

JININ MAI CIKI DA KUNUN KANWA

A 1931 wata likita, Lucy Wills, tana aiki a birnin Bombai na Indiya, ta ga mata masu ciki matalauta suna mutuwa don ƙarancin jini. Ta gano akwai wani sinadari da ya ɓace cikin abincinsu. Bayan shekara 10 aka tace shi daga ganyen alayyafon Turawa, aka sa masa suna folik asid, daga kalmar Latin mai ma'anar ganye. Shi da sinadarin ƙarfe su ne cikin ƙwayoyin ƙarin jini da a ke ba ku wurin awon ciki. A gida kuma ana samunsu cikin hanta da nama da wake da ɗanyen ganye.

A Zariya, daga 1976 zuwa 1979, Farfesa Kelsey Harrison na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ya bi labarin haihuwa 22,774 ɗaya bayan ɗaya. Ya tarar matan da ba su zuwa awo, sai naƙuda ta gagara a kawo su, su suka fi mutuwa nesa ba kusa ba. Shi da abokin aikinsa Alan Fleming suka kuma gwada ba masu cikin fari maganin zazzaɓi tare da ƙwayoyin ƙarin jini. Ƙarancin jini mai tsanani ya ragu. Abin mamaki, 'yan mata masu ƙananan shekaru da yawa cikinsu har tsawo suka ƙara suna ɗauke da ciki. Watau yarinyar da ta ɗauki ciki ba ta gama girma ba, ita da ɗan cikinta kokawa su ke a kan abinci ɗaya. Don haka amarya mai cikin fari ta fi kowa bukatar kwano mai kyau, ita ce kuwa kunya ke hana ta tambaya.

A Zariyar dai, wajen 1970, likitoci biyu, Davidson da Parry, suka lura da wani ciwo da ke kama masu jego. Mace ta sauka lafiya, bayan 'yan makonni sai ƙafafu su kumbura, ta riƙa haki, ba ta iya kwanciya sai a zaune, gama zuciyarta ta gaza. Suka bi mata 224 masu wannan ciwo. Suka ga ya fi yawa inda a ke tsananta wankan jego da tafasasshen ruwa, da kwanciya bisa gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da shan kunun kanwa safe da yamma har kwana 40. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Daga baya likitocin Kano, bisa jagorancin Farfesa Kamilu Karaye, suka sake bincike, suka tarar ciwon yana kama har matan da ba su yi waɗannan al'adu ba, kuma rama da talauci da hawan jini na lokacin ciki suna da babban hannu. Maganar dai ta komo kan abinci. Ku iyayenmu mata da ungozomai, ba a ce ku bar kula da mai jego ba. A yi mata wanka da ruwa mai ɗumi wanda hannu zai iya zama ciki. A dama mata kunun gyaɗa ko na tsamiya maimakon na kanwa. In kuwa kun ga kumburi ko haki, a kai ta asibiti ran nan.

NONON UWA DA MADARAR GWANGWANI

Wani zamani ya zo da 'yan kasuwa suka riƙa tallar madarar gwangwani, har waɗansu mata suka zaci ta fi nononsu, ko alamar wayewa ce. Likita Cicely Williams ɗin nan, tun 1939 a Singafo, ta tsaya gaban manyan gari ta ce wannan talla kisan jarirai ce. Dalili kuwa a fili ya ke. Madarar tana da tsada, sai uwa ta tsinka ta da ruwa don ta daɗe. Ruwan na rijiya ne, bulumbotin ba ya wankuwa sosai, ƙuda na bin kansa. Sai zawo, sai rama. A 1981 ƙasashen duniya suka kafa ƙa'idar hana irin wannan talla. A 2001 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsai da shawara cewa jariri ya sha nonon uwa zalla har wata 6, sa'an nan a haɗa masa da abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye.

A ƙasarmu akwai al'adu biyu da suka saɓa wa wannan. Ta farko, zubar da dakashi, watau nonon farko mai kauri mai ruwan ɗorawa, wai ƙazanta ne, a riƙa ba jariri ruwa ko nonon akuya har kwana uku. Alhali dakashi shi ne rigakafin farko da Allah ya tanadar wa jariri, cike ya ke da abin da ke kare hanjinsa daga cuta. Ta biyu, ba jariri ruwa saboda zafi. Nonon uwa fiye da kashi 80 cikin 100 ruwa ne. Ko a tsakiyar bazara ya ishe shi. Uwa ita za ta sha ruwan, ta sa shi a nono sau da yawa. Zuma ma kada a ba yaron da bai cika shekara ba, gama ta kan ɗauki wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai iya da ita ba tukuna.

GYAƊA TA DAWO GIDA

A 1996 a Faransa wani likita, André Briend, da wani masanin haɗa abinci, Michel Lescanne, suka haɗa markaɗaɗɗiyar gyaɗa da garin madara da mai da sukari da bitamin, suka ƙunsa a 'yar leda mai nauyin giram 92. Ba ta bukatar dafuwa, ba a zuba mata ruwa, ba ta saurin lalacewa. A 2005 yunwa ta faɗa wa ƙasar Nijar. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jiyyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a shekaran nan, da yawansu a jihar Maraɗi. Yawancinsu ba a kwantar da su ba. Uwa ta karɓi ledojin mako guda ta koma gida, ta dawo a auna. Wajen 9 cikin 10 suka warke. Nijeriya ta ɗauki wannan hanya a 2009, Jigawa kuma tana cikin jihohin da aka yi ta aiki da ita.

Ku duba ikon Allah. Gyaɗar da kakanninku suka ɗora wa jirgi ita ce ta komo cikin leda ta zama magani. Amma ledan nan ta yaron da ya riga ya faɗi ce. Kada a sayar da ita a kasuwa, kada a raba wa yayyensa. Kuma ba ta isa ta gyara ƙasa ba. Ƙidayar lafiya ta 2018 ta nuna wajen yara 2 cikin 3 'yan ƙasa da shekara 5 a Jigawa sun tsumbure, ba su kai tsawon shekarunsu ba. Tsumburewa tana farawa ne tun daga ciki har yaro ya cika shekara 2, bayan nan da wuya ta gyaru, kuma tana taɓa har ƙwaƙwalwa. Daga 2013 zuwa 2019 an yi wani gwaji a Buji da Gagarawa da Kirikasamma, da waɗansu wurare a Zamfara. Ana ba mai ciki naira 3,500 a wata tare da koya mata ciyarwa, har yaro ya shekara 2. Da aka auna, yaran nan sun fi 'yan'uwansu girma, masu tsumburewa cikinsu sun ragu. Kuɗin ba masu yawa ba ne, amma sun shiga hannun uwa a lokacin da ya dace.

ABINCI MAI TSABTA

A 1960 talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila. Da aka bincika, sai aka tarar tunkuzar gyaɗa ce daga Birazil mai fumfuna. Fumfunar nan tana fid da wani dafi mai lalata hanta, mai hana yaro girma, wuta kuma ba ta kashe shi. Saboda haka ku busar da gyaɗa da masara sarai bisa tabarma ko rufin ɗaki, ba a ƙasa mai laima ba. Ƙwayar da ta yanƙwane, ko ta yi baƙi, ko ta yi ɗaci, a tsince a zubar, kada a ce a yi wa yara ƙuli da ita.

Haka kuma maganin ƙwari da waɗansu ke zuba wa wake don ajiya. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan gubar da aka samu ciki. Abin da Bature ya ƙi ci, yaya za a ba mai ciki? Akwai buhu mai leda biyu a ciki, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka tsara tare da na Afirka. In an ɗaure shi tamau iska ba ta shiga, ƙwaro ya mutu ba tare da magani ba. Ganga ko jarka mai murfi ma tana yin haka. Ganyen miya kuwa, mafi aminci shi ne na bayan ɗakinki, wanda aka yi wa takin gida. Ki dasa zogale biyu ko uku, ki ba su ruwan wanke-wanke. In za ki shanya ganye ki shanya a inuwa.

TO, ME ZA A YI?

Ke mai ciki, ki fara zuwa awo da zarar kin tabbata, kada ki jira ciki ya fito. Ki sha ƙwayar ƙarin jini kullum, amma ba da shayi ba, don shayi yana hana ta shiga jiki. Ki karɓi maganin rigakafin zazzaɓi da a ke bayarwa daga wata na huɗu, aƙalla sau 3 kafin ki sauka. Ki kwana cikin gidan sauro. Ki ƙara cin abinci sau ɗaya bisa yadda kika saba. Kowace rana ki nemi hatsi, da wake ko gyaɗa ko awara, da ganye, da ɗan abin da ya fito daga dabba, ko ƙwai ne, ko nono, ko busasshen kifin Haɗeja, ko fara. Kabewa da mangwaro da gwanda da manja suna maganin dundumi. Ki yi miya da gishiri mai aidin, wanda doka ta wajabta a Nijeriya tun 1993, don yana hana maƙoƙo, yana kuma taimakon ƙwaƙwalwar ɗanki. Kada ki rage ci don tsoron ɗa ya yi girma. Uwa marar ƙarfi da jini ita naƙuda ta fi wahalarwa.

Ke mai jego, ki sa jariri a nono cikin sa'a guda da haihuwa. In ya cika wata 6 ki fara ba shi kunu mai kauri wanda ba ya zuba daga cokali da sauri. Ki haɗa garin gero awo uku, da na soyayyen wake ko waken suya awo ɗaya, da gyaɗa awo ɗaya, ki zuba ɗan mai da garin zogale. Ki fara da sau 2 ko 3 a rana. Daga wata 9 ya zama sau 3 ko 4, da ɗan abin taɓawa a tsakani. Ki ba shi ƙwai, ƙwai ba ya sa yaro sata. Ki zuba masa nasa a kwanonsa, kada ki haɗa shi da yayyensa su cinye. Ki wanke hannu da sabulu. In ba shi da lafiya kada ki daina ba shi nono da abinci. In lokacin yaye ya yi, a yi shi sannu sannu. Ki sa malamin asibiti ya auna masa damtse da ma'aunin nan mai launi uku. In ya nuna ja, watau ƙasa da santimita 11 da rabi, ko kuwa ƙafafunsa biyu sun kumbura, kada ki kwana.

Kai kuma maigida, da kaka in ka gama sussuka, kafin ka kai kasuwa, ka ware buhun wake da na gyaɗa ka ce wannan na mai ciki ne da yaro, ba a taɓa shi sai damina. Ka bar kaji biyu don ƙwai. Ran kasuwa ka sayo hanta ko kifi, ka tabbata ya shiga kwanonta. Ka ba ta izinin zuwa awo da kuɗin mota, ka rage mata surfe da ɗaukar ruwa. Da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Yaron da kake so ya riƙe maka garma, ko ya yi karatu ya zama malamin asibitin garinku, daga kwanon uwarsa a ke fara gina shi.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka haifa, ya ba mu damina mai albarka. Amin. Ku huta lafiya.